WA YA RUBUTA SUNAYEN? Jawabi ga mutanen karkara a kan hatsin gwamnati

Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu, ina yi muku sannu da haƙuri. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma ɗaga murya yadda matan da ke cikin gida za su ji, domin yawancin maganar nan tasu ce.

Ni malamin firamare ne kafin in kama aikin jam'iyya. Shekara biyar na yi ina riƙe da alli, saboda haka in kun ji ina yawan lissafi ku yi mini uzuri, hali zanen dutse ne. Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne maganar hatsin gwamnati, wanda yanzu ake kira tallafi: wa ya cancanci ya samu, wa ke rubuta sunaye, wa ke rabawa. Zan kuwa fara da laifin kaina, don kada wani ya ce malam ya zo yana wanke kansa.

A daminar 2023, watanni kaɗan bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, aka ce an kawo wa mazaɓarmu shinkafa da masara. Wani babba a mazaɓar, ba zan faɗi sunansa ba, ya aiko a kira ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Malam, kai ne mai kyan rubutu, zauna ka rubuta mana suna hamsin." Na zauna. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya karanto mini talatin. Goma ya ce na manya ne, a bar gurbinsu. Goman da suka rage aka ce mai unguwa ya kawo. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai matar nan ta bayan makaranta da mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, biyu ma suna ajina." Ya dube ni ya ce, "Malam, ta yi mana aiki lokacin zaɓe?" Na yi shiru, na ci gaba da rubutu.

Ranar rabo matar nan ta tsaya a rana tun hantsi har la'asar. Da aka ce mata babu sunanta ba ta yi faɗa da kowa ba. Washegari ta same ni a bakin aji ta ce, "Malam, an ce kai ka rubuta. Mantawa ka yi da ni?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Iyakar abin da na iya ce mata ke nan. Ba ta sake yi mini maganar ba, 'ya'yanta kuwa suka ci gaba da gaishe ni kullum safe, har ƙarshen zangon da na ajiye alli.

To, jama'a, bari mu yi ɗan lissafi, ku ga dalilin da ya sa takardar sunayen nan ta fi buhun kansa muhimmanci. A watan Agusta na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ta aika wa kowace Jiha tirela biyar ta shinkafa. Tirela tana ɗaukar buhu wajen 600, watau buhu 3,000 ke nan. Ku ɗauki Jihar Kano mai mazaɓu 484: in an raba daidai wa daida, kowace mazaɓa buhu shida za ta samu da ɗan ragowa. Buhu shida! A watan Fabrairu na 2024 kuma aka ba da umurnin fito da hatsi tan 42,000 daga rumbunan gwamnati. In ka ji a rediyo sai ka ce yunwa ta ƙare. Amma tan 42,000 buhu 420,000 ne, irin babban buhunmu mai kilo 100, mazaɓun ƙasar nan kuwa 8,809 ne. Kowace mazaɓa ba ta cika buhu 48 ba. Hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 ke cikin talauci a ƙasar nan, kashi 63 cikin ɗari na jama'a, mafi yawansu kuma a Arewa suke, a karkara. In aka ce a raba musu wannan hatsi kowa da kowa, mutum ɗaya ba zai samu rabin kilo ba, abin da bai isa tuwon dare ɗaya na gida ba.

Ma'anar lissafin nan ita ce hatsin ba zai isa kowa ba, ko da waliyyi ne mai rabon. Tilas a ce wane ya samu, wane ya jira. Wanda duk ya riƙe alƙalamin da ke yanke wannan hukunci, shi ne ke riƙe da wuyan talaka. In babu ƙa'idar da kowa ya sani, sai ƙa'idar aljihun babban mutum ta yi aiki, kamar yadda na gani da idona.

Kafin mu wuce, ku san kuɗin wa ake sayen hatsin. Akwai kuɗin man fetur, wanda na ƙasa ne duka. Akwai harajin da kuke biya ba ku sani ba, duk lokacin da kuka sayi katin waya ko sabulu. Akwai dala miliyan 322 na kuɗin da aka maido daga ƙasar Suwizalan a 2017, cikin abin da aka sace zamanin Janar Abacha, waɗanda aka ce da su aka riƙa biyan gidaje matalauta naira 5,000 a wata. Akwai kuma dala miliyan 800 na Bankin Duniya, wannan kuwa bashi ne, 'ya'yanku da jikokinku za su biya. Naira biliyan biyar-biyar da aka yi wa Jihohi alkawari a Agustan 2023 ma, kashi 48 cikin ɗari rance ne. Saboda haka in ka ga buhu da hoton wani a jikinsa, ka sani kuɗin buga hoton ne kawai watakila ya fito daga aljihunsa. Na ce watakila.

Yanzu wa ya cancanta? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san zakka tana da mutanenta iri takwas da aka ambata cikin Suratut Tauba, mai dukiya ba shi da ikon ya ƙara na tara don yana sonsa. Ita ma gwamnati, a takarda, tana da nata tsari, kuma ya kamata ku san shi, domin abin da ba ka sani ba ba ka iya nemansa. Tun 2016 aka fara haɗa abin da ake kira rajistar matalauta ta ƙasa. Yadda aka tsara, ana fara zaɓen Ƙananan Hukumomin da suka fi talauci. Sa'an nan ma'aikata su zo gari, su tara maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu, ya kuma lissafa gidajen da suka fi kowa shan wuya. A haɗa takardun uku a daidaita su. Daga nan masu ƙidaya su bi gida gida suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufin ɗaki, ina ake ɗebo ruwa, akwai dabba ko babu, yara suna makaranta? Sai a zuba amsoshin cikin kwamfuta ta jera gidajen, daga wanda ya fi talauci zuwa mai dama-dama.

Ni ban raina wannan tsari ba, ko da yake ba jam'iyyarmu ce ta kawo shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mata sun san gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ya tashi ba, abin da babu akawun da zai gano daga Abuja. Inda abin ya lalace shi ne bayan an tafi da sunayen. A gari nawa aka dawo aka tara mutane aka karanta musu, aka ce ga waɗanda suka shiga, ga waɗanda ba su shiga ba, ga kuma dalili? Mutum ya mutu sunansa na nan. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu bara, ya bar rumbu da shanu, shi ba ya ciki, domin ranar da aka yi rubutun mai hali ne. Akwai ƙauyukan da ma'aikatan ba su taɓa takawa ba don mota ba ta shiga. A takarda akwai jami'in karɓar koke-koke. Ku ɗaga hannu, wa ya san ƙofar ofishinsa?

A watan Yuli na 2023 gwamnoni suka zauna a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa suka ce ba su amince da rajistar ba, kowace Jiha ta yi tata. Wani ɓangare na kukansu gaskiya ne. Amma ni da na taɓa zama da fitila ina rubuta suna hamsin, na san abin da ke faruwa in an ce 'yan siyasa su kawo sunaye cikin gaggawa ba a gaban jama'a ba. A Oktoba na shekarar aka ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Ba a yi wata uku ba, a Janairun 2024, aka dakatar da ministar ma'aikatar jin ƙai a kan wata takarda da ta nemi a zuba naira miliyan 585 cikin asusun wata mutum ɗaya, aka kuma tsai da shirye-shiryen baki ɗaya don bincike. Laifi a can sama, amma tukunyar da aka sauke ta talaka ce.

Bayan wannan aka ce ba za a biya kowa ba sai an tabbatar da lambarsa ta katin ɗan ƙasa, kuma kuɗin ta banki ko ta waya za su shiga. Akwai hikima a nan, domin yana toshe sunayen aljanu, watau mutanen da babu su sai a takarda. Sai dai ku duba wanda ƙa'idar ta fi kayarwa. Tsohuwar da ba ta da waya, ba ta taɓa shiga banki ba, ofishin yin katin kuma yana hedkwatar Ƙaramar Hukuma, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi abin da take samu a mako. Ita ce ta fi kowa cancanta, ita ce kuma ta farko da za ta faɗi. Ku riƙe wannan: yin rajistar lambar ɗan ƙasa karo na farko kyauta ne. Wanda ya ce ku biya, na aljihunsa yake nema.

A makaranta ma na ga irin wannan. Shirin ciyar da yara da aka fara a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, an yanka wa kowane yaro naira 70 a rana. Ranar da mai dafa abinci ta zo, aji cike har bakin ƙofa. In aka yi wata biyu ba a biya ta ba, sai ka ga benci babu kowa. Amma abu ɗaya na lura da shi: a nan ba a taɓa yin rigimar suna ba, domin ƙa'idar a fili take. Kana aji biyu, kana ci. Ɗan mai unguwa da ɗan mai ɗebo ruwa kwano ɗaya.

Wani zai ce ai duk wannan maganar takarda ce, a dai kawo hatsin. To ku tuna Oktoban 2020. An tara kayan abinci na taimakon annobar korona, waɗanda manyan 'yan kasuwa da bankuna suka saya suka miƙa wa Jihohi. Watanni suka wuce mutane ba su gani ba, har ranar da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Jalingo da wasu garuruwa, suka tarar da buhuna har rufi. Gwamnatoci suka ce jira suke a kammala shiri. Ko gaskiya suka faɗa, wa ya san da kayan, wa ya san ranar rabo, wa ya san nasa nawa ne? A Fabrairun 2024 mutane suka mutu a turmutsutsu a Legas wurin sayen shinkafar kwastan mai rahusa. A watan Maris na shekarar ɗalibai mata biyu suka rasu a jami'ar Keffi wurin rabon shinkafa. Abin da ke kawo turmutsutsu shi ne mutum bai tabbata nasa na nan ba, sai ya sa ƙarfi. Mai ƙarfi ya samu, mai goyo da tsoho a tattake su.

Iyayenmu sun ba mu labarin Kakalaba ta 1914, da yawa cikin dattawan da ke zaune nan kuma sun ga farin 1973 da idonsu. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu sanin abin da rabon hatsi ke iya jawowa. A watan Afrilu na 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, cikin manyan dalilan da suka bayar kuwa har da yadda aka yi da abincin agaji mutane na mutuwa. A 2005 kuma, da yunwa ta sake kama ƙasar Maraɗi da Damagaram, gwamnati ta daɗe tana cewa a sayar da hatsi da rahusa kawai, alhali waɗanda suka fi galabaita ba su da ko kuɗin rahusar, sai daga baya aka koma rabawa kyauta. Darasin da na ɗauka shi ne talakawa hawa biyu ne: akwai mai iya saye in an sauƙaƙa masa, akwai wanda sai an ba shi. Ƙa'ida ɗaya ba ta ɗaukar su duka.

Akwai kuma ƙasar da ta ɗaure maganar da doka, ita ce Indiya, wadda ta fi mu yawan jama'a nesa ba kusa ba. A 2013 majalisarsu ta yi dokar abinci. Dokar ta ce har kashi 75 cikin ɗari na mutanen karkara da kashi 50 na mutanen birni suna da haƙƙin hatsi kilo biyar kowane mutum kowane wata, gidajen da suka fi talauci kuwa kilo 35. Ta ce katin gida da sunan babbar macen gidan za a yi shi. Ta ce tilas a bayyana sunayen masu samu kowa ya gani, a naɗa jami'in sauraren ƙara a kowace gunduma, in kuma gwamnati ta kasa ba ka hatsinka ta biya ka kuɗi a madadinsa. Su ma suna fama da ɓarayi, ba mala'iku ba ne. Amma macen ƙauye a can ta san kilo nawa ne nata, in an rage mata tana da inda za ta kai ƙara. Mu nan, a Maris na 2023 an yi wa tsarin mulki gyara aka sa maganar haƙƙin abinci, sai dai an sa ta a babi na biyu, babin da kotu ba ta tilasta wa gwamnati ta cika. Dokar da za ta ce ke wance, tiya kaza ce taki kowane wata, har yanzu ba mu da ita.

Abin da jam'iyyarmu ta ɗaura wa 'yan takararta, daga kansila har ɗan majalisa, ke nan. A rubuta ƙa'idar cancanta cikin doka, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da duk harshen da mutane ke ji, a karanta ta a rediyo. Marayu da matan da ke riƙe da gida su kaɗai, tsofaffin da ba su da mai noma musu, naƙasassu, da waɗanda aka kora daga garuruwansu, su ne a gaba, ba a tambayar su jam'iyya ko addini ko ƙabila. A zaɓi sunaye da rana tsaka a dandali, mata su yi nasu zaman, a karanta sunan kowa da babbar murya, a manna takardar a bangon makaranta ta yi mako biyu kafin a buɗe buhu ko ɗaya, don mai ƙorafi ya samu zarafin magana. Kowace shekara bayan kaka a sake dubawa. Duk abin da ya shigo mazaɓa a faɗi adadinsa kafin ya iso, in an ce buhu 48 kowa ya ƙirga a bakin mota. Dagaci da mai unguwa su zama shaidu, amma alƙalami kada ya zauna hannun mutum ɗaya, kuma ɗan takara ko shugaban jam'iyya, har da tamu, kada ya kusanci wurin rabo. Masu yin katin ɗan ƙasa su ne za su zo ƙauye da na'urarsu, kada a soke sunan kowa don ba a kawo masa ita ba.

Sai maganar lokaci, wadda manomi ya fi ni sani. Yunwa ba ta tsananta da kaka. Tana tsananta ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, mutum ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samu na tuwo, ko ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu. Gwamnatin Tarayya tana da manyan rumbunan ƙarfe 33 da za su iya ɗaukar hatsi fiye da tan miliyan ɗaya. Ku gwada wannan da tan 70,000 da aka ce a fitar a 2020, da 42,000 na 2024. Muna so Jiha da Ƙaramar Hukuma su sayi hatsi hannun manomi da kaka a farashi mai kyau, su ajiye kusa, su fito da shi tsakiyar damina, rabi a sayar da rahusa, rabi a ba waɗanda ba su da ko sisi. Hatsin da bai san hanyar ƙauye ba sai saura sati biyu zaɓe, kun san sunansa, dokar zaɓe ma ta san sunansa, sayen ƙuri'a ne.

Na san za su zo, wataƙila ma sun fara, da taliya da atamfa da tiyar shinkafa. Ni ba zan ce wa mai jin yunwa kada ya karɓa ba, ban isa ba, kuma dukiyarku ce aka gutsuro. Amma kada wanda ya sa ku rantsuwa, kada kuma ku ba kowa katin zaɓenku ko lambar da ke jikinsa da sunan za a sa ku cikin tallafi. Katin zaɓe ba ya cikin sharuɗɗan rajistar matalauta. A rumfar zaɓe kai kaɗai ne da Ubangijinka.

In ɗan takara ya zo, namu ko nasu, ku ba shi ruwa ya sha, ku bar shi ya gama jawabinsa. Sa'an nan dattijo ɗaya ko uwa ɗaya ta miƙe ta tambaye shi: buhu nawa aka kawo mazaɓar nan bara, ina takardar waɗanda suka samu, kuma in ka ci, a bangon wace makaranta za mu riƙa ganin sunayen? Ku sa yaro ɗan makaranta ya rubuta amsarsa da kwanan wata, ɗan takarar ya sa hannu, a ba liman ko wani amintacce ya ajiye. Na mazaɓarmu ni zan rubuta in an yarda, a dandali, da rana, matar nan ta bayan makaranta tana zaune tana ji.